Yadda za ka ɗaga manhajarka zuwa Java 25 ba tare da ka buɗe wa ɓarayi ƙofa ba

Jama'a masu rubuta manhaja da Java a nan Kano, musamman ku da kuke riƙe da sabar makarantu da asibitoci da ƙananan kamfanonin hada-hadar kuɗi, wannan naku ne. Java 25 ta fito ranar 16 ga Satumban 2025 kuma tana cikin sigogin da ake daɗewa ana kula da su wato LTS, irin su 17 da 21, to yawancinmu can muka dosa ko ba jima ko ba daɗe. Duk inda aka ɗauko maganarta sai ka ji ana ta zancen kwantum kwantum, wato kwamfutar da ake tsoron nan gaba za ta fasa makullan ɓoye bayanai, alhali abin da zai fara cin mutum ranar da ya ɗaga sabarsa tsofaffin hanyoyin da aka rufe ne, kuma abin da na fi jin tsoro wallahi shi ne mutum ya ga manhaja ta ƙi haɗuwa da banki, oga yana ta kira, kwastoma suna ta ƙorafi, sai ya je ya buɗe duk abin da aka rufe don dai aiki ya tashi. Shi ya sa na jera abin yadda nake ganin ya kamata a bi shi, gyara tukunna sannan sababbin kaya.

Farko dai, kar ka taɓa sabar da take aiki. A kwamfutarka za ka fara. In kana kan Linux ko Mac ka yi amfani da SDKMAN, ka buga `sdk list java` ka zaɓi 25 ta Temurin, ita tana barinka ka ajiye 17 da 21 da 25 gefe da gefe kana sauyawa. Fayil ɗin ya haura megabait 100, na san kuɗin data ba wasa ba, amma don Allah kar ka karɓa a filashin wani ka girka haka kawai, in ma a filashi ka karɓa to ka buga `sha256sum` a kansa ka gwada lambar da wadda ke shafin masu shi. JDK, wato ƙunshin Java ɗin da ka sauke, ita ce za ta riƙe duk makullanka, in ita aka gurɓata to duk sauran maganar da za mu yi ta tashi a banza. Da ka fara haɗa aikin, in ka ga kuskure mai ambaton lamba 69, kayan ginin ne suka tsufa, 69 lambar fayilolin Java 25 ce. Gradle sai 9.1 zuwa sama, Lombok da Mockito su ma ka sabunta su. Wannan ba ya cin lokaci.

Sai mataki na biyu, Security Manager, wato tsohon mai gadin cikin Java da ke taƙaita abin da kod zai iya taɓawa. An daɗe ana gargaɗi a kansa tun Java 17 a 2021, a Java 24 da ta fito a watan Maris na 2025 kuma aka kashe shi gaba ɗaya. Ma'ana in layin da ke tayar da manhajarka yana ɗauke da `-Djava.security.manager` don kunna shi, Java ba za ta ma tashi ba, in kuma kod ɗin ne yake kiran `System.setSecurityManager` zai jefo maka UnsupportedOperationException. Ka bincika fayilolin tashi, da na systemd, da na Docker, sannan ka buga:

`jdeprscan --for-removal manhajata.jar`

zai lissafo maka duk inda kake amfani da abin da za a cire. Akwai wani ɓoyayye da ke kama mutane, `Subject.getSubject`, shi ma yanzu jefo kuskure yake, an maye gurbinsa da `Subject.current`, kuma sau da yawa ba a kod ɗinka yake ba yana cikin wani tsohon laburaren da ka jawo ne. In da Security Manager kake hana manhaja taɓa wasu fayiloli to yanzu aikin ya koma kan Linux ɗin kansa: ka buɗe mata yuza nata daban wanda ba root ba, a systemd ka sa `NoNewPrivileges=true` da `ProtectSystem=strict`, ko ka sa ta cikin kwantena. A gaskiya wannan ya fi wancan ƙarfi ma.

Mataki na uku shi ne inda zan daɗe, don nan ne ake yin ɓarnar. Ka ɗauki biro da takarda ka rubuta duk wani waje da manhajarka ke kira: ƙofar biyan kuɗi, mai tura SMS, sabar imel, rumbun bayanai, sabar banki ko ta wata hukuma. Kowanne sai ka gwada shi da Java 25 ɗaya bayan ɗaya. Abu biyu ne za su iya faruwa.

Na farko ka ga SSLHandshakeException mai cewa handshake_failure. Wato gaisawar TLS, tsarin da ke ɓoye hira tsakanin manhajarka da sabarsu, ta ƙi kammala. Dalili shi ne tun Java 24 an rufe duk tsarin da sunansa ya fara da TLS_RSA, a 25 kuma aka ƙara rufe sa hannu da SHA-1 wajen gaisawar TLS 1.2, TLS 1.0 da 1.1 kuwa tun 2021 aka rufe su. Me ya sa aka rufe TLS_RSA? A wannan tsarin makullin hirar ana kulle shi ne da makullin RSA na sabar kai tsaye, to duk wanda ya naɗi hirarku ya ajiye, ranar da ya samu makullin sabar ko bayan shekara biyar ne zai buɗe duk abin da kuka taɓa turawa, har da lambobin BVN da NIN na mutane. Tsarin ECDHE da TLS 1.3 kuwa kowace hira da nata makullin na wucin gadi, ana gamawa a jefar. Don ka gano abin da ke faruwa ka tayar da manhajar da `-Djavax.net.debug=ssl:handshake`, za ka ga jerin abin da kai ka miƙa da amsar ɗaya ɓangaren, sannan `java -XshowSettings:security -version` zai nuna maka abin da ke rufe a JDK ɗinka.

To in ka tabbatar sabarsu ce ta tsufa fa? Abu na farko ka rubuta musu, a rubuce ba a waya ba, ka gaya musu su kunna ECDHE ko TLS 1.3, sau da yawa gyaran layi ɗaya ne a wajensu. In sun ja ƙafa kuma aiki ba zai jira ba, kar ka je ka goge layin `jdk.tls.disabledAlgorithms` a cikin `conf/security/java.security`, wannan ya buɗe wa duk manhajar da ke kan injin kenan. Ka ware ɓangaren da ke magana da su ya zama ɗan ƙaramin aiki daban, ka yi masa fayil nasa, ka kwafo layin gaba ɗayansa ka cire `TLS_RSA_*` kaɗai, ka tayar da shi da `-Djava.security.properties=/hanyar/fayil`. Ka kwafo duka nake cewa don abin da ka rubuta maye gurbin na asali yake yi ba ƙari ba, in ka rubuta rabi to sauran rabin ka buɗe shi ba ka sani ba. Kuma ka sa ranar da za ka cire wannan rangwamen, ka sanar da oga a rubuce.

Na biyu ka ga kuskure mai cewa PKIX path building failed. Wannan ba laifin Java 25 ba ne. Kowace JDK da nata fayil ɗin `cacerts` a cikin `lib/security`, to in shekarun baya wani ya shigar da satifiket ɗin wani abokin hulɗa cikin na tsohuwar JDK, sabuwar ba ta san da shi ba. A nan ne ake samun wanda zai kwafo TrustManager mai amincewa da kowa da kowa daga intanet ya manna, kuskure ya ɓace, kowa ya yi murna. Don girman Allah kar ka yi wannan. Ka kashe tantance satifiket kenan, duk wanda ya zauna tsakaninku, ko a wayifai ɗin ofis ne, zai karanta kuma ya canza lambar asusun da kuɗi za su shiga. Gyaran mai sauƙi ne, ka karɓi satifiket ɗin daga hannun masu shi, ka tabbatar da lambar yatsansa ta wata hanya daban kamar kiran waya, ka shigar da shi cikin fayil naka da `keytool -importcert`, ka nuna wa manhaja shi. In da `-Djavax.net.ssl.trustStore` za ka nuna, ka sani shi ma maye gurbin `cacerts` yake yi gaba ɗaya, don haka ka fara da kwafin sabon `cacerts` ka ƙara naka a kai. Daga yau ka huta da wannan matsalar duk sanda za ka sake ɗaga JDK.

Tunda ka buɗe keytool, ka duba makullanka da `keytool -list -v`, zai yi maka gargaɗi in akwai mai rauni. Fayilolin JKS ka mayar da su PKCS12 da `keytool -importkeystore`, tun Java 9 ita ce ta asali. Za kuma ka ga gargaɗi kan JNI da `sun.misc.Unsafe` suna fitowa lokacin tashi, ba sa hana aiki a yanzu, yawanci sabunta laburare ke kawar da su.

Yanzu mu zo kan sababbin kayan. A 1994 wani masanin lissafi Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantum mai isasshen ƙarfi za ta fasa RSA da duk dangin ECC, wato hanyoyin musayar makulli da sa hannu da ake dogara da su. Har yau babu wanda ya nuna kwamfutar da ta kai wannan ƙarfin, amma matsalar ita ce kamar ɓarawon da ya ɗauke akwatin ƙarfe ne ya kasa buɗewa, ba zai yar ba, ajiyewa zai yi yana jiran ranar da zai samu maƙerin da zai fasa masa. Bayanin da zai lalace nan da awa ɗaya kamar lambar OTP bai dame mu ba. Amma fayil ɗin mara lafiya, takardun fili, NIN da ranar haihuwar mutum, waɗannan har shekara ashirin sirri ne, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakinsu a wuyan wanda ya tara su. Ranar 13 ga Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin FIPS 203 da 204, wato ML-KEM na musayar makulli wanda ya samo asali daga Kyber, da ML-DSA na sa hannu wanda ya fito daga Dilithium. Java 24 ta shigo da su duka biyun, suna nan a 25 ba sai ka jawo laburaren waje ba. AES-256 kuwa yana nan daram, ba shi Shor ya taɓa ba.

Inda nake ganin ɗan Kano zai fi cin moriyar ML-KEM a yau shi ne bakof, wato kwafin rumbun bayanan da kake turawa gajimare, wato ma'ajiyar intanet, kowane dare. Ga yadda abin yake. Za ka ƙirƙiri makulli biyu sau ɗaya, a kwamfutar da ba sabar ba:

`KeyPair kp = KeyPairGenerator.getInstance("ML-KEM-768").generateKeyPair();`

Na fili shi za ka ɗora a sabar, na sirri kuma ya zauna a filashi biyu a wurare biyu daban, kar ka bari duka biyun su kwana a ofis ɗaya, mun ga yadda gobara ke yi a kasuwanninmu. Duk dare sabar za ta yi wannan:

`KEM kem = KEM.getInstance("ML-KEM");`
`KEM.Encapsulated e = kem.newEncapsulator(naFili).encapsulate();`
`SecretKey sirri = e.key();`
`byte[] kunshi = e.encapsulation();`

Lura, ML-KEM ba ya kulle fayil da kansa. Abin da yake ba ka shi ne sirri mai bait 32 da wani ƙunshi mai bait 1088, ƙunshin za ka ajiye a gaban fayil ɗin bakof, kuma mai makullin sirri ne kaɗai zai iya fito da wancan sirrin daga cikinsa da `kem.newDecapsulator(naSirri).decapsulate(kunshi)`. Daɗin abin shi ne ko an shiga sabarka an kwashe komai, ba za a iya buɗe tsofaffin bakof ba tunda makullin buɗewa bai taɓa zama a kanta ba. Girma uku ne, 512 da 768 da 1024, ka tsaya a 768 shi ne na asali a Java.

Daga nan sai KDF, wato hanyar fitar da makullin kulle fayil daga wancan sirrin, wanda aka gwada a 24 aka tabbatar a 25. Da can in kana son HKDF, wani nau'in KDF, sai ka jawo Bouncy Castle ko ka rubuta da hannu, kuma rubuta irin wannan da hannu ba abin so ba ne. Yanzu:

`KDF hkdf = KDF.getInstance("HKDF-SHA256");`
`var tsari = HKDFParameterSpec.ofExtract().addIKM(sirri).addSalt(gishiri).thenExpand(dalili, 32);`
`SecretKey aes = hkdf.deriveKey("AES", tsari);`

Wannan `dalili` ɗin 'yan kalmomi ne da ke faɗin aikin makullin, misali bakof-asibiti-v1, amfaninsa sirri ɗaya ba zai taɓa haifar da makulli iri ɗaya don aiki biyu ba. Sai ka kulle fayil ɗin da `AES/GCM/NoPadding`, da sabon IV, wato lambar farawa ta sau ɗaya, mai bait 12 daga SecureRandom kowane lokaci, kar ka taɓa maimaita IV da makulli ɗaya. Wani abin da zai iya ruɗa ka, in an taɓa ƙunshin nan a hanya ba tare da an canza tsawonsa ba, `decapsulate` ba zai yi ƙorafi ba, wani sirri daban zai ba ka da gangan, sai ka zo buɗewa da GCM ne za ka ga AEADBadTagException. Haka aka tsara shi. Kuma HKDF ba na lambar sirrin masu shiga manhaja ba ne, yana da sauri sosai, su waɗannan sai Argon2 ko bcrypt.

Ni ra'ayina, tunda ML-KEM yaro ne in aka gwada shi da shekarun da aka yi ana dukan ECC, ka haɗa biyu. Java tana da DHKEM tun 21 kuma yana aiki da X25519 na dangin ECC, ka fito da sirri daga kowanne ka kira `addIKM` sau biyu a jere iri ɗaya kullum, sai an fasa duka biyun kafin a kai ga fayil. Kuma ka sa baiti ɗaya a farkon fayil mai nuna sigar tsarin, ranar da za ka canza za ka gode wa kanka. Abu ɗaya da KEM ba ya yi shi ne tabbatar da wanda ya turo, duk mai makullin fili zai iya haɗa fayil ya ce bakof ne, to nan sa hannu ke shigowa.

ML-DSA amfani da shi ba shi da wani bambanci da yadda ka saba, `Signature.getInstance("ML-DSA")`, initSign, update, sign. Keytool ma ya san shi:

`keytool -genkeypair -alias sahannu -keyalg ML-DSA-65 -keystore m.p12 -dname CN=Makaranta`

Girman ne zai ba ka mamaki. Sa hannun Ed25519 bait 64 ne, na RSA-2048 bait 256, na ML-DSA-65 kuwa bait 3309, makullinsa na fili 1952. In ka mayar da sa hannun Base64 ya zama haruffa 4412, to gurbin da ka ware a rumbun bayanai mai haruffa 512 ba zai ɗauka ba, wani rumbun ma in ba a tsananta saitinsa ba yanke shi zai yi shiru sai ranar tantancewa ka ga komai ya ƙi. Masu sa QR a takardar sakamako ko rasit kuma ku lura, QR mafi girma bait 2953 yake ɗauka, ML-DSA-65 ba zai shiga ba sam, ML-DSA-44 mai bait 2420 zai shiga amma zai cushe har kyamarar ƙaramar waya ta sha wahalar karantawa. Gara QR ya ɗauki gajeriyar lamba, sa hannun ya zauna a saba. Kuma a sa hannu gaggawar ba ta kai ta ɓoye bayanai ba, don shi ba sirri ba ne da za a naɗa yau a buɗe daga baya, sai dai takardun da za a riƙa tantancewa shekara da shekaru kamar shaidar kammala karatu, su ya dace a fara tunaninsu tun yanzu. Tokin ɗin shiga mai mutuwa bayan minti goma sha biyar ka bar shi yadda yake.

Ga wani abu da mutane da yawa suka fahimta ba daidai ba. Ɗaga manhaja zuwa Java 25 bai sa HTTPS ɗinka ya zama mai jure kwantum ba, TLS na cikin JDK 25 bai fara amfani da ML-KEM ba. In kana son wannan yau to a gaban manhajar za ka yi shi, nginx da aka gina da OpenSSL 3.5 wanda ya fito a Afrilun 2025 yana iya X25519MLKEM768, Cloudflare ma yana yi, Chrome kuma ya riga ya iya. Don gwadawa, da OpenSSL 3.5 ɗin:

`openssl s_client -connect shafinka:443 -groups X25519MLKEM768`

in gaisawar ta kammala to ya zauna. PEMEncoder da PEMDecoder, masu rubuta da karanta fayilolin makulli da satifiket, da suka zo a 25 kuwa na gwaji ne, sai da `--enable-preview`, ka yi wasa da su a kwamfutarka amma kar ka kai su sabar aiki tukunna don suna iya canzawa. 'Yan Android ku ma wannan duk bai shafe ku kai tsaye ba, waya ba JDK take amfani da ita ba, in manhajar waya za ta yi magana da ML-KEM sai ta hanyar laburare irin Bouncy Castle, kuma ku gwada fayilolin makulli tsakanin ɓangarorin biyu kafin ku dogara da su.

Ranar ɗagawa, ka zaɓi lokacin da ciniki ya lafa, ba ƙarshen wata ba lokacin albashi, ba makon rajistar ɗalibai ba, ba kuma jajibirin sallah ba da 'yan Kwari da Sabon Gari ke ta tura kuɗi. In sabar tana ofis ne ka tabbata inbata ta cika ko janareta na da mai kafin ka fara. Ka bar tsohuwar JDK a kan injin yadda komawa baya zai zama canza layi ɗaya, ka ɗaga saba ɗaya tukunna ka zuba ido kan log kana neman SSLHandshakeException da UnsupportedOperationException, har da ayyukan da ba sa tashi sai ƙarshen wata, su ne ake mantawa da su. Sannan kafin ka goge ko da bakof ɗaya na tsohon tsari, ka ɗauko filashin makullin sirri, ka sauko da bakof ɗin daren jiya a wata kwamfuta daban, ka buɗe shi ka loda shi a rumbun gwaji ka ga bayanan da idonka, ka kuma sa wa kanka ranar maimaita wannan gwajin duk bayan wata uku tare da wani abokin aiki da shi ma ya san inda filashi na biyu yake.